YADDA AKE KULA DA FILIN GOLF: KOWANE AIKI DA LOKACINSA

Duk wanda ya taɓa shiga Kaduna, ko Kano, ko Jos, ko Abuja, mai yiwuwa ne ya wuce ta gefen wani makeken fili mai gajeriyar ciyawa da manyan itatuwa. Babu gero a ciki, babu dawa. Amma kullum da sassafe akwai ma'aikata. Wasu na yankan ciyawa, wasu na ban-ruwa, wasu na shara. Wannan shi ne filin wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

Wasan na masu hali ne. Talaka bai cika damuwa da shi ba. Amma aikin kula da filin, aiki ne irin na manoma: ƙasa ce, da ruwa, da taki, da shuka. Kuma akwai abin lura a ciki. Kowace damina akan raba dashen itatuwa a ƙauyuka, a dasa su ana murna. Kafin bazara ta wuce, da yawa sun bushe, ko awaki sun cinye. A filin golf kuwa dashe yakan rayu har ya zama inuwa. To, mene ne sirrin? Kuɗi na taimakawa, babu musu. Amma babban sirrin shi ne yin kowane aiki a kan lokacinsa.

Mene ne golf?

Golf wasa ne da ake buga ƙaramar farar ƙwallo da sanda, har a jefa ta cikin ɗan rami. Cikakken fili yana da ramuka 18. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Faɗin bakin kowane rami milimita 108 ne, wato kamar bakin ƙaramin kwano.

Wasan ya bunƙasa ne a Sikotland, wani yanki na ƙasar Birtaniya. A shekarar 1457 hukuma ta taɓa hana shi a can, domin ya ɗauke wa samari hankali daga koyon harbi da baka. A garin St Andrews ne aka tsayar da ramuka 18 a shekarar 1764, daga baya sauran duniya ta bi.

Turawa ne suka kawo wasan Nijeriya. An kafa filin Rayfield na Jos a 1913, zamanin haƙar kuza. An kafa na Kaduna a 1921. Na Abuja, mai sunan IBB, an buɗe shi a 1991. Akwai kuma a Kano da Zariya da wasu garuruwa.

Fili mai ramuka 18 yakan ci hekta 50 ko fiye. Wato ya kai filin ƙwallon ƙafa 70 a haɗe. Kula da wuri mai wannan girma ba wasa ba ne.

Sassan filin

Kowane rami yana da sassa, kuma kowane sashe da irin kulawarsa.

Na farko shi ne mafari, inda ake tsayawa a yi bugun farko. Na biyu ita ce hanyar ƙwallo, doguwar shimfiɗa mai gajeriyar ciyawa. Na uku shi ne gefen hanya, inda ake barin ciyawa ta yi ɗan tsawo. A nan yawancin itatuwa suke. Na huɗu shi ne kwarin yashi, wanda ake haƙawa da gangan domin ya zama tarko ga ƙwallo. Na biyar shi ne dandalin rami, wanda 'yan wasa ke kira girin. Shi ne ya fi ko'ina cin aiki. Ana aske ciyawarsa har ta koma milimita 3 zuwa 5, kamar kaurin tsinken ashana biyu, domin ƙwallo ta riƙa gangarawa sumul.

A ƙasashe masu zafi, ciyawar da aka fi shukawa ita ce kirikiri. Tana jure rana da tattaki. Ko ta bushe da rani, saiwarta ba ta mutuwa da wuri. Da an yi ruwa sai ta farfaɗo.

Saboda ƙarancin ruwa, shekaru da dama filayen Arewa ba su shuka ciyawa a dandalin rami ba. Sai su cakuɗa yashi da baƙin mai, su daddaɓe, su riƙa lailaye shi kafin a buga. Dabarar ta rage buƙatar ruwa. Amma yanzu an san baƙin mai yana ɓata ƙasa, yana kuma gurɓata ruwan rijiya. Kada kowa ya zuba shi a gona ko a gindin itace.

Bazara: lokacin shiri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin damina tun da bazara ake fara shi, cikin watannin Maris, Afrilu da Mayu.

Ma'aikata sukan yashe magudanan ruwa da kwalbati, domin ruwan farko ya sami hanya. Sukan gyara injinan yankan ciyawa, su wasa bakinsu. Inji mai dakusasshen baki ba ya yanka ciyawa, yayyaga ta yake yi, sai cuta ta shiga. Sukan duba manyan itatuwa, su sare busassun rassa kafin iskar farkon damina ta kakkaryo su a kan mutane.

A wannan lokaci ne kuma ake renon tsiro a leda, a ƙarƙashin rumfa. Tsiro yana bukatar kamar wata 3 zuwa 4 kafin ya isa dashe. Wanda yake son dasawa a watan Yuli, tun Maris zai saka iri. Ana kuma zagaya fili a sa alama a duk inda za a dasa itace.

Ban-ruwa ya fi tsanani da bazara. Ba a iya shayar da fili duka. Sai a zaɓi dandalin rami, da mafari, da ƙananan itatuwa. Sauran wuri a bar shi ya jira damina. Da asuba ake ba da ruwa, lokacin da babu rana kuma iska ta kwanta. Ruwan tsakar rana, da yawansa tururi yake zama kafin ya kai ga saiwa.

Damina: lokacin gaggawa

A Jos da Kaduna ruwa yakan sauka tun Afrilu ko Mayu. A Kano sai wajen Yuni yake zama sosai. Da ruwa ya zauna, ciyawa sai ta tashi da ƙarfi. Dandalin rami kusan kullum ake aske shi. Hanyar ƙwallo kuwa sau biyu ko uku a mako.

Akwai ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi. Ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda. In aka yi mata ƙwal-kwabo, sai ta raunana, ciyayi marasa amfani su sami wurin shiga.

Akwai wani aiki mai ban mamaki da ake yi lokacin da ciyawa take da ƙarfi. Ana bin dandalin rami da inji ko da cokali mai yatsu na lambu, ana huda ƙasa, ƙananan ramuka barkatai. Dalili shi ne, yawan tattaki yana danƙare ƙasa. In ƙasa ta danƙare, iska da ruwa ba sa kaiwa ga saiwa. Bayan an huda, sai a barbaɗa yashi mai laushi, a share shi ya cika ramukan. Wani mutum mai suna Tom Morris ya yi suna wajen wannan dabara ta zuba yashi. Ya kula da filin St Andrews kusan shekara 40, har zuwa 1903. Har yau ana bin hanyarsa a duniya.

Ana zuba taki kaɗan-kaɗan, ba gaba ɗaya ba. Ba a zubawa in hadari ya haɗo sosai, domin ruwa mai ƙarfi zai wanke shi zuwa rafi, a yi asarar kuɗi, a kuma ɓata ruwan jama'a. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi, sai a bi kwarin yashi da shebur da manjagara, a mayar da yashin da ruwa ya kwashe.

Shi kansa ramin ƙwallo ba a barinsa wuri ɗaya. A kai a kai ake toshe shi, a huda sabo a wani gefen dandali. Ta haka wurin da aka tattake yakan huta ya farfaɗo. Manomi da makiyayi sun san wannan hikima: ƙasar da ba ta hutawa takan gaji.

Inda ya dace a dasa itace

Itace yana da amfani a filin golf. Yana ba da inuwa, yana tare iska da ƙura, yana riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. Yana kuma tare ƙwallo kada ta fita hanya ta ji wa wani ciwo.

Amma ba ko'ina ake dasawa ba. Mai kula da fili ba ya kallon dashe yadda yake yau. Yana tunanin yadda zai zama bayan shekara 20. Ba ya dasa babban itace dab da dandalin rami, musamman ta gabas. In itace ya tare hasken safe, raɓa takan daɗe a kan ciyawa, sai fumfuna ta kama ta. Saiwar itace kuma tana tafiya nesa a ƙarƙashin ƙasa, har ta wuce iyakar inuwarsa, tana shan ruwa da takin da aka zuba wa ciyawa.

Wani fili a Amurka mai suna Oakmont ya ga sakamakon wannan. Da aka gina shi a farkon ƙarni na 20, kusan babu itatuwa a ciki. A shekarun 1960 aka dasa dubbai domin ado. Da suka girma, sai suka rufe filin, suka hana ciyawa rana da iska. A shekarun 1990 aka fara sare su. Da farko ma da duhun asuba ake yi, kada masu son itatuwan su gani. Kafin shekarar 2016 an cire fiye da 10,000. Itace ba shi da laifi. Wurin da aka sa shi da yawan da aka dasa, su ne suka jawo asara.

Itacen da ya tsaya a wurin da ya dace kuwa, ana girmama shi. A filin Augusta, shi ma a Amurka, kowane rami da sunan wata bishiya ko fure ake kiransa, domin a da wurin gidan renon itatuwa ne. Akwai wani babban itace a hanyar rami na 17 wanda ƙwallon Shugaba Eisenhower ke yawan bugawa. A 1956, yana kan mulkin Amurka, ya nemi a sare shi. Shugabannin filin suka ƙi. Itacen ya ci gaba da tsayuwa har watan Fabrairu na 2014, lokacin da ƙanƙara ta kakkarya shi, sannan aka cire.

Wane itace, kuma yaushe?

A Turai, da sanyi ake dasa itace, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ganye ya zube kuma ƙasa na da laima. In aka kwaikwayi wannan a ƙasar Hausa, dashe zai mutu, domin watannin nan su ne na rani. A nan, lokacin dashe shi ne bayan ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta. Dashen da ya makara har Satumba ba ya samun isasshen lokacin kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Kowa ya bi yanayin ƙasarsa.

Zaɓen iri ma yana da muhimmanci. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro, asalinta daga yankin Indiya take. Tana jure fari, tana girma da sauri, amma 'ya'yanta na tsirowa ko'ina. Maɗaci yana da inuwa mai kyau da katako mai daraja, amma yana son fili. Tsamiya tana jinkirin girma, amma tana daɗewa. Turare yana tsawo da sauri, amma yana shan ruwa ƙwarai, don haka a nisanta shi da rijiya da lambu. Gawo kuwa ganyensa da damina yake zuba, shi ya sa shuka ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Yadda ake dasawa

1. A haƙa rami tun kafin ranar dashe. Faɗinsa kamu ɗaya, zurfinsa kamu ɗaya, wato kamar rabin mita.
2. A ware ƙasar sama daban. A cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.
3. A yi dashe da yamma, ko ranar da gari ya yi lumshi.
4. A yanke leda da reza, a cire ta gaba ɗaya. Kada a fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa. In saiwa ta nannaɗe a gindin leda, a datse wurin.
5. A sa dashe daidai zurfin da yake a cikin leda. Kada a binne wuyansa.
6. A mayar da ƙasa, a danna da ƙafa a hankali. A yi ɗan kwari kewaye da shi domin ya tare ruwa.
7. A ba shi ruwa nan take, ko da ƙasa na da laima.
8. A rufe kewayensa da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin dashen.
9. A kewaye shi da ƙaya, ko kara, ko tubali, a ranar da aka dasa. Akuya ba ta jiran gobe.
10. Manyan itatuwan inuwa a bar mita 8 zuwa 10 tsakaninsu. Na tare iska a jere su mita 3 zuwa 4.

Kaka da hunturu: lokacin tsaro

Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ciyawa takan rage girma, yanka ya ragu. Amma aiki bai ƙare ba. Sabon haɗari ya zo, wato gobarar daji. Kafin ciyawa ta bushe ƙarau, ma'aikata sukan share wata hanya mai faɗi kewaye da fili da kewayen ƙananan itatuwa. Wuta in ta iso nan, ba ta samun abin ci. Rigakafi ya fi magani.

Ganyen da itatuwa ke zubarwa da hunturu ba a ƙona shi. Ana tara shi a rami tare da yankakkiyar ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Kafin damina ya zama taki, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Da rani ne ake gyaran rassa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana cire reshen da ya karkace ko ya bushe, da zarto ko adda mai kaifi. A yanke shi kusa da jikin itace, amma kada a ɓare ɓawon. Dashen da iska ke kaɗawa sai a kafa masa sanda, a ɗaure da tsumma, sako-sako. Waya ko igiyar roba tana cin jikin itace.

Gara ma da rani take tsananta, ta fi kuma kama dashen da ƙishirwa ta raunana. Ana duba gindin kowane dashe a kai a kai. Wasu na barbaɗa toka a kewaye. In abin ya yi yawa, a nemi shawarar malamin daji ko malamin gona kafin a sayi magani.

Babban abu shi ne ruwa. Iskar hunturu tana busar da ƙasa da sauri. Dashe yana bukatar ban-ruwa a raninsa na farko da na biyu. Bokiti guda sau biyu a mako ya fi yayyafin kullum. Ruwa mai yawa yana nutsewa ƙasa, saiwa ta bi shi. Yayyafi kuwa a sama yake tsayawa, saiwa ma ta tsaya a sama, rana ta ƙone ta.

Littafin mai kula da fili

Shugaban ma'aikatan fili yana da wani makami da ya fi inji, shi ne littafi da alƙalami. Yana rubuta ranar da aka yi ruwa, da ranar da aka zuba taki, da adadin da aka zuba. Yana rubuta itatuwan da aka dasa, da waɗanda suka mutu, da dalili. Baɗi in ya buɗe littafin, ba zai maimaita asarar bana ba.

A nan amfanin karatu ya fito fili. Ma'aikacin da ya iya karatu yana karanta abin da aka rubuta a jikin buhun taki da kwalbar magani. Ya san awo, ya san haɗari, ya san ranar da magani ya lalace. Ba a cutarsa, shi ma ba ya cutar da kansa.

Abin da ƙauye zai ɗauka

Babu mai cewa mutanen karkara su shuka ciyawar ado. Filin golf yana cin ruwa da kuɗi masu yawa, kuma a ƙasar da ruwan sha ke wuya, mutum da dabba su ne a gaba. Amma kowane gari yana da filin da jama'a suka mallaka tare: filin makaranta, filin Idi, kasuwa, maƙabarta, bakin hanya, harabar asibiti. Hamada kuma tana matsowa. Saboda haka ne ƙasashen Afirka suka amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya kuma ta kafa hukumar shirin a 2015. Amma hukuma ba za ta iya shayar da kowane dashe a kowane ƙauye ba.

Ga abin da kowane ajin yaƙi da jahilci zai iya yi. A zaɓi fili ɗaya. A dasa abin da za a iya reno kawai. Itace 10 da suka rayu sun fi 100 da suka bushe. A ba kowane ɗan aji itace guda, a rubuta sunansa da ranar dashe a littafin aji. A tsara ranakun ban-ruwa tun kafin damina ta wuce. Duk ƙarshen wata a zagaya a ƙirga, a rubuta. Wanda ya mutu a maye gurbinsa da damina mai zuwa.

Malamai sun karantar cewa dasa itace sadaka ce, muddin mutum ko dabba ko tsuntsu na amfana da shi. Amma itacen da ya bushe a watan Maris ba ya amfanar kowa. Dashe aikin yini ɗaya ne. Reno shi ne na shekara biyu. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma raya abin da aka dasa, amin.

Tambayoyi ga 'yan aji

1. Ramuka nawa ne a cikakken filin golf?
2. Me ya sa ake huda ƙasa a zuba yashi?
3. A waɗanne watanni ya kamata a dasa itace a ƙasar Hausa?
4. Me ya sa ba a binne dashe da ledarsa?
5. Wane fili ne a garinku ya fi bukatar itatuwa?